Jimar Fata a Gida: Matakanta da Dalilansu ga Mai Koyo

1.0 Gabatarwa

Jima tana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa na gargajiya, kuma bisa al'ada sana'a ce ta gado wadda ɗa yake tashi ya tarar da mahaifinsa a cikinta. Sai dai ita fata ba gidan majema kaɗai take shiga ba. Duk gidan da aka yi layya, ko aka yanka ragon suna, ko aka yi yanka domin biki, yakan wayi gari da ɗanyar fata a hannu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma suke bi, ba a sayar da fatar layya. Mai ita ko dai ya yi amfani da ita ko ya bayar da ita. Kowace shekara fatu masu yawa sukan lalace a kwanakin Babbar Salla, wasu a bayan ɗaki, wasu a kan hanyarsu ta zuwa wurin wanda aka ba, saboda rashin sanin abin da ya kamata a yi musu a sa'o'in farko.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mai koyo zai jeme fatar akuya ko ta tunkiya a gida da kayan da suke kusa da shi. An mayar da hankali ga dalilin kowane mataki, domin wanda ya san abin da toka da bagaruwa suke yi wa fata yana iya gane inda aikinsa ya karkace, ya kuma gyara. Za a ga cewa yawancin asarar mai koyo tana aukuwa ne tun kafin fata ta shiga ruwan bagaruwa.

2.0 Ma'anar Jima da Matsayinta

Jima ita ce sarrafa ɗanyar fata ta yadda za ta daina ruɓa, ta yi taushi, ta kuma jure ruwa da zafi. Mai yin ta shi ne majemi, jam'i majema, wurin aikin kuma shi ma majema ake ce masa. Hausa ta bambanta fatar ƙananan dabbobi, watau akuya da tunkiya, da ƙirgi, wanda yake na sa ko saniya. Idan aka gyara fatar rago da gashinta domin salla ko zama, to ta zama buzu. Daga hannun majemi fata takan wuce hannun baduku, wanda yake ɗinka takalma da jaka da gafaka da kube da laya da kayan doki. A birane da dama na ƙasar Hausa akwai unguwannin da har yau suke amsa sunan Majema da Dukawa, abin da yake nuna daɗewar waɗannan sana'o'i biyu da kusancinsu.

Tarihi ya tabbatar da wannan daɗewa. A ƙarni na 16, Leo Africanus ya ambaci takalman da ake yi a Gobir ana kai su Tumbutu da Gawo. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin hajojin da birnin yake fitarwa har zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a Jamhuriyar Nijar ake danganta ta da Maraɗi, ta daɗe tana ƙetare Sahara, kuma da yake ta hannun 'yan kasuwar Afirka ta Arewa take isa Turai, sai Turawa suka haɗa ta cikin abin da suke kira fatar Maroko. Masu yi wa littattafai bango a Ingila sun fifita ta saboda ƙarfinta da kyan fuskarta. Duk wannan suna an same shi ne da kayan aikin da ba su wuce toka da kashin tsuntsaye da bagaruwa da mai ba.

3.0 Yanayin Ɗanyar Fata

Fata hawa uku ce. Hawan sama siriri ne, shi ne yake riƙe da gashi. Hawan ƙasa shi ne saurar tsoka da kitse da yanar da suke manne da jikin dabba. Tsakaninsu akwai hawa na uku mai kauri, wanda aka saƙa da zarurruka masu ƙarfi na wani sinadari da masana suke kira kolajin. Wannan hawa na tsakiya shi kaɗai ne yake zama jemammiyar fata. Rabin aikin majemi shi ne raba shi da hawan sama da na ƙasa ba tare da an ji masa ciwo ba, ɗaya rabin kuma shi ne shigar masa da abin da zai hana shi ruɓa.

Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ɗanyar fata ruwa ne. Ruwa da jini da ɗumi su ne abin da ƙwayoyin bakteriya suke bukata, saboda haka da zarar an feɗe dabba sukan fara cin fatar, musamman daga gindin gashi. A lokacin zafi 'yan sa'o'i sun isa a fara ɓarna. Alamarta ta farko ita ce gashi ya riƙa zarewa da kansa idan an ja shi, sannan wari ya biyo baya. Wurin da ya fara ruɓa ba ya komawa daidai, ko da an jeme fatar. Yakan fito da tabo ko ya ɓule.

Har ila yau, ɗanyen kolajin ba ya jure zafi. Idan yana jiƙe ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Selshiyos, sai ya tsuke ya fara narkewa ya zama danƙo, kamar yadda ake gani idan an dafa ganda. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a kusantar da ɗanyar fata ga tafasasshen ruwa ko dutsen da rana ta gasa.

4.0 Kayan Aiki

Mai koyo yana bukatar wuƙar fiɗa, da gishiri, da tokar itace, da 'yar kanwa, da kashin kaji ko na tattabaru, da bagaruwa, da man gyaɗa ko man shanu. Yana kuma bukatar kwatarniya biyu ko uku, ko bahon roba, da turmi da taɓarya, da gungumen itace mai santsi wanda za a ɗora fata a kai. Majema suna kankare fata da kartaji, wani ƙarfe mai mariƙi biyu wanda ake turawa da hannu biyu. Wanda ba shi da shi yana iya amfani da wuƙa mai dakusasshen baki.

Bagaruwa, wadda wasu suke kira gabaruwa, itaciya ce mai ƙaya wadda masana tsirrai suka daɗe suna kira Acacia nilotica. 'Ya'yanta ake so, waɗanda suka nuna suka bushe, domin ɓawonsu yana ƙunshe da sinadarin tanin mai yawa. Shi ne abin da yake ɗaure harshe idan an tauna ɓawon, kuma shi ne yake jeme fata.

Akwai ƙa'ida guda game da mazubi: ba a haɗa ruwan bagaruwa da baƙin ƙarfe. Idan tanin ya haɗu da ƙarfe sai ya koma baƙi, kuma da wannan haɗin ne dukawa suke samun baƙin rinin fata. Garwa mai tsatsa ko ƙusa guda da ta faɗa cikin kwatarniya ta isa ta bar wa fata baƙin tabon da ba ya fita.

Ya fi kyau mai koyo ya fara da fatar akuya. Tana da ƙarfi, ba ta da kitse sosai, kuma ba ta da kaurin da zai hana bagaruwa ratsa ta cikin 'yan kwanaki. Fatar tunkiya tana da maiƙo kuma tana saurin yagewa. Shi kuwa ƙirgi aiki ne na makonni, yana kuma son ƙarfi da manyan mazubai.

5.0 Matakan Jima

5.1 Fiɗa

Ingancin fata yana farawa ne daga hannun mai fiɗa. Bayan an yanka dabba jini ya gama zuba, akan tsaga fatar a miƙe daga wuya zuwa wutsiya ta tsakiyar ciki, sannan a tsaga ta cikin ƙafafu huɗu zuwa wannan layi. Daga nan wuƙa ta kusa gama aikinta. A jikin akuya da tunkiya, dunƙulen hannu da ja sun isa su raba fata da nama a mafi yawan wurare. Duk inda bakin wuƙa ya shiga hawan tsakiya, ko da bai huda ba, ya bar rauni wanda zai buɗe a lokacin kankara ko ja. Ba a jan fata a ƙasa, ba a kuma barin jini da kashi su bushe a jikinta. Da an gama, sai a wanke ta da ruwan sanyi, a cire manyan guntayen nama da kitse, a rataye ta ta tsane.

5.2 Adanawa

Idan ba a ranar za a fara jima ba, wajibi ne a tsayar da ruɓa nan take. Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce gishiri: a shimfiɗa fatar gashi a ƙasa, a barbaɗe cikinta da gishirin da ya kai sulusi zuwa rabin nauyinta, a murza shi har gefe-gefe da wuya da ƙafafu. Alal misali, fatar da ta kai kilo 2 tana bukatar abin da ya kusa kilo 1. Gishiri yakan janyo ruwan fatar waje, ya bar bakteriya ba su da abin rayuwa. Akan ajiye ta a karkace domin ruwan ya gangare, a ƙara sabon gishiri washegari.

Hanya ta biyu ita ce shanya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kafe fata a ƙasa a tsakiyar rana. Idan an yi haka sai bayanta ya bushe da sauri ya ƙandare, ya kulle danshi a ciki, zafin ƙasa kuma ya dafa tsakiyar. Fatar takan yi kyau a ido, amma ranar da aka jiƙa ta sai ta ɓarke. Abin da ya dace shi ne a ɗaure ta da igiya a jikin itatuwa huɗu da aka haɗa kamar ƙyaure, a tsayar a inuwa inda iska take ratsa ta gaba da baya. Busasshiyar fata ana ajiye ta nesa da ƙasa, ana kuma duba ta lokaci-lokaci saboda ƙwarin da suke cin fata da ɓeraye.

5.3 Jiƙo

Fatar da aka adana sai ta koma kamar ranar da aka feɗe ta kafin a ci gaba. Mai gishiri takan yi laushi cikin kwana guda a ruwan sanyi, idan ana sauya ruwan sau biyu ko uku domin gishirin ya fita. Busasshiya tana iya kai kwana biyu. Ba a lanƙwasa ta da ƙarfi tun tana ƙandare, domin fuskarta takan tsage. Ba a kuma manta ta a ruwa, saboda da zarar ta jiƙu ruɓa ta sami hanyar dawowa.

5.4 Cire Gashi

Akan dama tokar itace da ruwa da kauri, a ƙara 'yar kanwa, a tsoma fatar ciki har ruwan ya rufe ta. Kaifin toka da kanwa yakan ci hawan sama da gindin gashi, ya narkar da wani ɓangare na maiƙo, ya kuma kumbura fatar ta yadda zarurrukanta za su buɗe. Wannan buɗewa ita ce take ba bagaruwa hanyar shiga daga baya. Ana juya fatar safe da yamma. Yawanci cikin kwana biyu zuwa huɗu, gwargwadon ƙarfin tokar da yanayin zafi, gashi yakan fara sulɓewa idan an tura shi da babban yatsa. Akan gwada a wuya da gadon baya, inda fata ta fi kauri.

Idan ta kai, sai a ɗora ta a kan gungume a kankare gashin, ana bin yadda ya kwanta. Daga nan a juya ta a kankare cikinta har sai an cire duk saurar tsoka da kitse da yana. Wannan kankara ta biyu tana da wahala, kuma a nan mai koyo ya fi yin ha'inci ga kansa. Duk inda aka bar kitse, bagaruwa ba za ta shiga ba, wurin zai fito da tauri da wari. Fatar da aka cire daga toka da wuri takan tilasta wa mai aiki ya danna ƙarfe har ya ƙuje fuskarta, wadda kuma ta daɗe fiye da kima takan yi rauni ta saki.

5.5 Kashe Kaifin Toka da Tausasawa

Fatar da ta fito daga toka a kumbure take, tana da santsi da tauri kamar roba. Idan aka kai ta bagaruwa a haka, sai ta yi duhu, fuskarta ta yi gautsi. Saboda haka akan wanke ta a ruwa mai yawa, ana matsewa ana sauyawa, sannan a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi wanda aka jiƙa kashin kaji ko na tattabaru a ciki aka tace. Majeman wasu wurare, musamman yankin Sakkwato, sukan yi amfani da dakakken ganyen fatakka. Abin da yake aiki a cikin waɗannan haɗe-haɗe shi ne wasu sinadarai masu narkar da nama, waɗanda masana suke kira enzayim. Su ne suke cinye tarkacen da ya rage tsakanin zarurrukan kolajin, kumburin ya saɓe, fatar ta yi laushi. Majeman Turai ma da kashin karnuka da na tsuntsaye suka yi wannan aiki, har zuwa 1907 lokacin da Otto Röhm a Jamus ya samar da madadinsa daga enzayim ɗin da ake samu a cikin dabbobin yanka.

Wannan mataki shi ne mafi hatsari ga fata, domin abin da yake cin tarkace yana iya cin fatar kanta. Sa'o'i kaɗan zuwa dare guda sun isa. Ana gane ta kai idan aka danna ta da yatsa shaidar yatsan ta zauna, kuma ta kwanta a hannu kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. Wanda ba ya son kashin tsuntsaye yana iya jiƙa dusa ta kwana biyu har ta yi tsami, ya tsoma fatar ciki. Tsamin yakan kashe kaifin tokar, ko da yake laushin ba ya kai na hanyar farko. Bayan haka sai a sake bin fuskar fatar da dakusasshiyar wuƙa a hankali domin fitar da sauran gindin gashi, a ɗauraye.

5.6 Shiga Bagaruwa

Akan daka busassun 'ya'yan bagaruwa a turmi, a sheƙe ƙwayoyin a zubar, domin amfanin yana cikin ɓawo. Kimanin mudu guda na garin yakan wadaci matsakaiciyar fatar akuya. Akan jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, a bar shi ya huce sarai kafin fata ta shiga.

Ƙa'idar wannan mataki ita ce a fara da ruwa mai rauni, a ƙare da mai ƙarfi. Tanin yana kama zarurrukan kolajin ne ya ɗaure su da juna, ya maye gurbin ruwan da yake tsakaninsu. Idan ruwan farko ya yi ƙarfi, sai bayan fatar ya jemu nan da nan ya tsuke, ya toshe wa sauran tanin hanya, a sami fata mai kyan baya da ɗanyen ciki. Don haka akan raba garin kashi uku, a zuba kashi ɗaya a ranar farko, sauran a biyo da su a kwanakin da suke biye. Majema sukan fara da tsohon ruwan da aka riga aka jeme wata fata a ciki, saboda wannan dalili.

Ba a barin fata ta kwanta kawai. Ana cuɗa ta da hannu, a matse, a ja, a mayar, sau da yawa a yini, musamman a sa'o'in farko, domin kada inda ta naɗe ya fito da zane. Matsewa takan fitar da ruwan da ya salance, sakewa kuma ta jawo sabo. Da irin wannan cuɗa fatar akuya takan jemu cikin kwana uku zuwa mako guda. Ba a dogara da launin baya wajen yanke hukunci. Akan yanki ɗan ƙaramin gefe a wuya a duba kaurin: idan launin bagaruwa ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu, idan akwai farin layi a tsakiya, da saura. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ƙarin kwana biyu a bagaruwa ba ya cutar da fata kamar yadda ragin kwana guda yake yi.

5.7 Shafa Mai da Ja

Bayan an ɗauraye fatar an matse, akan shafa mata man gyaɗa ko man shanu tun tana da danshi, kaɗan a fuska, da ɗan yawa a ciki. Yayin da ruwa yake fita, mai yakan bi gurbinsa ya shiga tsakanin zarurruka ya hana su mannewa. Man da aka shafa wa busasshiyar fata a sama yake tsayawa, ya bar tabo. Akan shanya ta a inuwa, domin rana takan duhunta fatar bagaruwa ta kuma ƙandarar da ita.

Kafin ta gama bushewa sai a fara ja. Akan goga cikinta a kan dakusasshen turke ko gefen turmi, a miƙe ta tsaye da kwance, a murza ta da hannu, a maimaita har ta bushe a hannun mai aiki. Idan ta riga ta ƙandare, sai a yayyafa mata ruwa, a naɗe ta cikin ƙyalle ta kwana, a sake ja. Daga nan ta isa zuwa rini. Ja ana samunsa daga karan dafi da kanwa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga haɗin ƙarfe da aka ambata a baya.

6.0 Gyaran Buzu

Wanda yake son fatar ragon layyarsa ta zama buzu ba zai kai ta toka ba, tunda gashin ake so. A nan saurin sa gishiri ya fi muhimmanci, domin gashin da ya fara zarewa ba ya sake kamawa. Akan kankare cikin fatar sosai, a wanke gashin da sabulu har maiƙo ya fita, sannan a dama garin bagaruwa da kauri a shafe cikin da shi, a ninke ta ciki na kallon ciki, a riƙa sabunta shafin kullum har ya ratsa. Bagaruwa takan rina farin gashi idan ta taɓa shi, saboda haka wasu sukan yi amfani da alif, wanda ake tace ruwan sha da shi, a haɗa da gishiri. Alif yakan ba da farar fata mai taushi, amma ba ya kama kolajin da ƙarfi kamar tanin. Idan ruwa ya daɗe a jikin irin wannan buzu sai alif ɗin ya wanke, fatar ta koma ɗanya. Shafa mai da ja daidai suke da na fatar da aka cire wa gashi.

7.0 Kiyaye Lafiya

Ruwan toka da kanwa yana cin hannu, kuma yana da hatsari ga ido. Ya kamata mai aiki ya sa safar hannu ta roba, ya kuma nisanta yara da dabbobi daga kwatarniya. Ruwan kashin tsuntsaye yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka mai rauni a hannu ba ya taɓa shi, kuma wanke hannu da sabulu wajibi ne kafin cin abinci. Ruwan da aka gama aiki da shi ana zuba shi a ramin da aka haƙa nesa da rijiya, a rufe. Ba banza ba majema suka saba zama a gefen gari.

Babban gargaɗi shi ne game da dabbar da ta mutu da kanta, musamman wadda ta faɗi farat ɗaya jini yana fita ta hanci ko baki ko dubura. Wannan yana cikin alamomin cutar antiraks, wadda take kama mutum ta hanyar taɓa fata ko gashi, kuma ƙwayoyinta suna rayuwa shekaru a busasshiyar fata da cikin ƙasa. Gishiri da shanya ba sa kashe su. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. Irin wannan dabba ba a feɗe ta. Jami'an lafiyar dabbobi ake sanarwa.

8.0 Jimar Gida da ta Masana'anta

Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya a yau da gishirin kurom ake yi, hanyar da ta fara yaɗuwa bayan Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884. Da ita manyan masana'antun fata na Kano, irin na Challawa da Sharaɗa, suke aiki. Tana da sauri, fatarta kuma tana jure zafin tafasasshen ruwa, alhali ta bagaruwa takan tsuke kafin ruwa ya tafasa. Duk da haka kurom ba kayan gida ba ne, domin yana bukatar awo na ƙwararru, ruwansa kuma yana gurɓata ƙasa da rafi idan ba a tace shi ba. Fatar bagaruwa tana da nata fifiko: tana karɓar zane da bugu, tana riƙe siffar da baduku ya ba ta, abin da ya sa ta dace da kube da gafaka da bangon littafi. Wanda yake son zurfafa ilmi a hanyoyin biyu yana iya neman cibiyar tarayya ta nazarin fasahar fata da ke Samaru, Zariya, wadda ake kira NILEST.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa kula da fatar akuya da ta tunkiya yake da muhimmanci a Nijeriya. Ƙiraga masu yawa ba sa isa majema, domin ana babbake su a ci a matsayin ganda, wadda Yarabawa suke kira ponmo. Saboda haka ƙananan fatu su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma kowace guda da ta ruɓe a bayan ɗaki ragi ce ga majemi da baduku.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi matakan jimar fata a gida tun daga fiɗa har zuwa ja, tare da dalilin kowanne. An ga cewa kowane mataki share fage yake yi wa na gaba: fiɗa mai kyau tana ba da fata marar rauni, gishiri ko inuwa suna tsare ta, toka tana buɗe ta, kashin tsuntsaye yana tausasa ta, bagaruwa tana ɗaure ta, mai da ja kuma suna ba ta laushi. Bagaruwa ba ta gyara abin da wuƙa ta yanka ko abin da ruɓa ta ci. Saboda haka ko wanda ba shi da niyyar jeme fata da kansa, idan ya iya fiɗa da hannu, ya kuma tanadi gishiri kilo guda kafin ranar yanka, ya isar da fatarsa ga majemi a yanayin da za ta amfanu. Mai koyo kuwa ya fara da fatar akuya guda, ya riƙa lura da kwanakin da ta yi a kowane ruwa da yadda ta fito, ya kuma kai ta wurin tsohon majemi ya duba masa, domin akwai abin da hannu yake ganewa a jikin fata wanda bayani a rubuce ba ya isar da shi.